Igiyar Awon Aisa

Wad Madani, ƙasar Sudan
Watan Rajab, 1968

Zuwa ga yayata Ya Fanne, a Dogo Tebo, Potiskum.

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Yaya 'yata Aisa da na bar miki?

Mu nan alhamdu lillahi. Har yanzu muna tsinkar auduga, jirgin Jidda da zai kai mu aikin Hajji kuwa sai dai mu ji labarinsa. Tarin maigidana Malam Bunu ya yi sauƙi, ko da yake bai koma gona ba tukuna. Kada ki gaya wa Inna.

Alhaji Umara da ya iso daga gida ya ce siket ɗin da na aiko bara bai shiga Aisa ba, kun ba 'yar maƙwabta. Ban ji haushi ba, Yaya. Ranar da za mu taho na zagaya ƙugunta da igiya, na ƙulla. Da wannan igiyar nake auna kowane ƙyalle, ina ɗinkawa da allura in na dawo daga gona. Ashe shekara huɗu ina yi wa yarinyar da babu ita ɗinki.

Ga wani nan na atamfa, na yi masa zariya da kalmasa mai faɗi, ku warware in ya gaza. Don Allah ki auna Aisa da sabuwar igiya, ƙugu da tsayi, ki ba duk mai tahowa.

Tsohuwar igiyar kuwa kada ki ce in yar. Wannan Aisar kaɗai na sani.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙanwarki,
Baraka