Rantsuwar da Na Yi wa Rumasa'u a Asibitin Dabbobi

Greenbelt, Maryland
6 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Tayyiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara da dukkan mutanen gidanmu na Tudun Wada. Yaya ƙafar taki? Zulkifilu ɗan gidan Kawu ya ce min yanzu a zaune kike sallah. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ce. Na ba shi man zafi guda biyu ya kawo miki tare da wannan takarda, ki riƙa shafawa safe da yamma, kuma don Allah kada ki rabar wa maƙwabta kamar yadda kika yi da na bara. Ni nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Aikin jinya yana nan yadda kika san shi, tsayuwa tun safe har yamma, ga sanyi ya fara leƙowa.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wadda take kiranki kowace Juma'a. Dalili shi ne, duk sanda na ɗauko maganar Rumasa'u 'yar Yaya Misbahu a waya sai ki ce min sai haƙuri, ko ki ce ba kya jina sosai. To ga shi a rubuce, ki karanta har ƙarshe. Raina a ɓace yake, Yaya, kuma ba zan ɓoye miki ba, har da ke a cikin waɗanda suka ɓata shi.

Kin san tun da Allah ya yi wa Sadiyya matarsa rasuwa shekara biyu da suka wuce, Yaya Misbahu ya rage daga shi sai 'yarsa a wannan ƙaton gidan na Woodbridge. Shi kuwa kullum yana kan titi wajen aiki, ya fita da asuba ya dawo bayan magariba. Wata uku bayan rasuwar ne Rumasa'u ta tsinci wata 'yar kyanwa a bayan makarantarsu, ta sa mata suna Alkaki saboda launinta. Ni kin san ba na son kyanwa, tun muna yara nake korarsu daga madafi da tsintsiya. Amma na ga yarinyar da ta yi wata uku ba ta dariya tana birgima a ƙasa da wannan abu, sai na ƙyale ta da abarta. Laifin da aka ce Rumasa'u ta yi, wanda na ji kuna ta maimaitawa a can, shi ne ta gaya wa wata malama a makaranta cewa tana kuka in ta tuna uwarta, malamar ta kira uban don su tattauna. Shi ke nan ya ce ta tona asirin gida a gaban Turawa. Yarinya 'yar shekara goma sha uku ta yi kukan uwarta, wannan ne fa asirin.

Da Yaya Misbahu ya ce za su zo gida hutun mako uku, Rumasa'u ta ƙi. Ba wawiya ba ce. Ta san yara biyu a masallacinmu da aka kai gida hutu, har yau ba su dawo ba. Ta ce masa ba inda za ta ta bar Alkaki. Sai ya ce mata ai shi ma ya yi tunanin haka, akwai asibitin dabbobi kusa da su da suke ajiye kyanwa in masu ita za su yi tafiya, su ciyar da ita, likita yana duba ta, ranar da aka dawo a zo a ɗauka. Ya ce mata wanda ba zai dawo ba ai ba ya kai kyanwa ajiya. Sannan ya kira ni ya ce aiki ya sha masa kai, don Allah in zo in kai su ita da kyanwar. Na ji daɗi har cikin raina, na ce Yaya Misbahu ya fara sauko wa yarinyar nan. Na kama titin 95 da cunkosonsa ina ta sa masa albarka.

Da ma kin ga yadda Rumasa'u ta shirya. Ta kai takardar allurar rigakafi, da irin abincin da kyanwar ta saba, da wata tsohuwar rigarta da ta sa ba ta wanke ba, wai in Alkaki ta ji ƙanshinta ba za ta tsorata ba. Ta cika shafi guda da hannunta game da kyanwar: ba ta son a taɓa mata ciki, ba ta shan ruwa in kwanon yana kusa da abinci, in ta ɓuya a ƙyale ta za ta fito da kanta. Wata ma'aikaciyar wurin mai suna Diana ta karɓe mu, ta karanta shafin nan tsaf ba ta yi dariya ba, ta manna shi a jikin keji. Da aka zo wurin da ake rubuta wanda za a kira in wani abu ya faru, Rumasa'u ba ta ko dube ni ba ta rubuta lambata, ashe ta haddace ta. A wurin ranar ɗauka ta rubuta sha takwas ga Agusta.

Da muka fito muka shiga mota, Rumasa'u ta hana ni tayar da motar. Ta juyo ta ce min ta san Babanta yana iya faɗin abin da ba haka ba in yana ganin gyara ne, amma ni ban taɓa yi mata ƙarya ba, don haka in rantse mata za ta dawo. Na yi dariya na ce mene ne na rantsuwa, ba ga Alkaki can a ciki tana jiranki ba? Ta ce ita dai in rantse. Yaya, na ce mata wallahi za ta dawo ranar sha takwas, ni da kaina zan kawo ta nan mu ɗauki kyanwarta. Sai ta sauke ajiyar zuciya ta ce to yanzu za ta je ta haɗa kaya. Da bakina na saka yarinyar nan a jirgi.

Ana jibi sha takwas Yaya Misbahu ya turo min saƙo wai an ɗaga musu jirgi, kada in je filin jirgi. Ban kawo komai a raina ba. Ranar sha tara ina wurin aiki Diana ta kira ni. Ta ce ta ga lambata ce a takardar yarinyar, kuma tana so ta tabbatar kafin su nema wa kyanwar wani gida. Na ce wane gida kuma, masu ita suna hanya. Sai ta ce uban ya koma asibitin shi kaɗai washegarin ranar da muka kawo ta, ya sa hannu a takardar cewa ya sallama kyanwar, in mako ukun ya cika su ba duk mai so, domin yarinyar ba za ta dawo ba. Ta ɗauka na sani. Na tsaya da waya a kunne a gaban ɗakin magani. Abin da ke kika sani, Kawu ya sani, Malam ya sani, har an ɗinka wa yarinya kayan makarantar kwana tun kafin ta sauka, ni ban ji shi ba sai daga bakin baƙuwa a asibitin dabbobi.

Da Yaya Misbahu ya dawo Amurka shi kaɗai na same shi a gidansa. Bai ko ji kunya ba. Ya ce manya ne suka zauna suka yanke, kuma an ɓoye min ne don an san zuciyata ta zama ta mutanen nan, da na ji zan ɓata shiri. Na tambaye shi to me ya sa ni ya aika asibitin, bai kai ta da kansa ba. Ya ce ai ni kaɗai take yarda da maganata. Haka ya faɗa, yana buɗe kilishin da kika aiko min da shi, wai in ɗauki nawa. Ban ɗauka ba, kuma tun ranar ban sake taka gidan ba.

Ba ina cewa uba ba shi da iko da 'yarsa ba ne. In ya ga gida ya fi mata, da sai ya zaunar da ita ya gaya mata, ta yi kukanta, ni ma in yi nawa, in yi musu in gaji, in raka ta filin jirgi tana sane da inda za ta. Za ta ji zafi amma za ta san da wa take zaune. Abin da kuka yi daban ne. Kun nemi abu biyu da suka rage wa marainiya, kyanwarta da yardar da ta yi da ni, kuka yi tarko da su. Kullum kuna cewa yaran da aka haifa a nan ba su da tarbiyya. To darasin farko da kuka koya mata a gida shi ne babba yana iya rantsuwa da Allah a kan abin da ba gaskiya ba. Na yi azumi uku saboda rantsuwar nan ko da an ce min ba ta hau kaina ba tunda ban sani ba, amma ba abin da ya rage min a ƙirji.

Alkaki tana wurina. Na je na ɗauko ta a ranar da aka kira ni. Diana ta ce kyanwar ta daina cin abinci a mako na biyu, sai da likita ya riƙa ba ta da sirinji, kuma ba ta yarda ta sauka daga kan rigar nan. Gidan da nake haya an hana ajiye dabba, don haka na lulluɓe kejin da zane na hau bene da shi kamar mai satar kaza. Yanzu ni Saudatu, mai korar kyanwa da tsintsiya, ni ce nake raba kwanon ruwa da na abinci saboda haka aka rubuta. Ta fara ci, amma duk sanda aka taɓa ƙofa sai ta ruga ta tsaya.

Sai Juma'ar da ta wuce kika yarda kika miƙa wa Rumasa'u waya, bayan mako bakwai ina roƙo. Ke kina gefe kina jin daɗi, ina jin muryarki kina cewa in ji yadda bakinta ya faɗa da Hausa. Lallai ta gaishe ni yadda ake gaida manya, ta tambayi aiki, ta tambayi sanyi, ba abin da ta rage. Na ce mata kyanwarta tana wurina lafiya, kuma ina so in yi mata bayanin abin da ya faru. Ta ce ba sai na yi ba, ta gode, in riƙe kyanwar ko in bayar, duk ɗaya ne. Na ce mata wallahi ban san komai ba. Sai ta ce to, Gwaggo, ta ji, wancan karon ma wallahi na ce. Ta miƙa miki waya, ke kuma kika ce min kin ga yadda ta yi hankali.

Abu ɗaya nake roƙonki, ba na neman ki saɓa wa Yaya Misbahu ko ki ba ta fasfonta. Ki zaunar da ita ki gaya mata da bakinki cewa kun ɓoye min, kuma da gangan kuka ɓoye. Ke ce kika san gaskiyar, kuma ni ba ni da sauran kalmar da zan faɗa mata ta yarda.

Ki gaishe min da Malam, da Kawu, da Inna Safiya, da su Muntaka da ƙannensa. Allah ya ƙara miki sauƙi. Rumasa'u kuwa kada ki ce mata ina gaishe ta sai bayan kin gaya mata wancan. In ba za ki iya ba, ki bar gaisuwar a wurinki.

Ƙanwarki,
Saudatu