Miƙar Kakannin da Gwiwata Ta Ƙirƙiro

Salamu alaikum mutanen wannan shafi. A sakaya sunana, kuma mai dariya ya yi a hankali, na yi jika da shi. Bokona bai wuce karanta allon trotro, motar hayarmu ta nan, ba, sai ku yi haƙuri da rubutun.

'Yata ta sha zaman gida tun korona, sai bara ta samu aiki a wani ƙaton otal na bakin teku, ita ke shirya wa baƙi abin yi. Wai yanzu masu kuɗi sun gaji da ɗaki, iska suke so da al'ada, su taru 'yan kaɗan a fili. Ta ce, "Baba, zo ka riƙa dafa musu shayin ataya kana hira." Ranar farko zan tashi daga tabarma gwiwa ta riƙe, na dafe ƙugu, na karkata hagu, na karkata dama, na ce "Wash Allah!" Ina waigowa, Turawa duk sun dafe ƙugu suna wash. Wata ta tambayi ma'anarsa. Ni da bakina ba ya zama, na gyara hula na ce miƙar kakanninmu ce, da ita fatake ke zuwa Gwanja a ƙasa su dawo. Wasa fa nake, wallahi!

Yau ga shi kullum da safe ni ke jan attajirai nishi, an ɗinka mini babbar riga, an ƙara wa yarinya matsayi. Da ta ce ba ta taɓa jin wannan al'ada ba, na ce ku 'yan zamani me kuka sani? Ta yarda, don ban taɓa yi mata ƙarya ba. Abin haushi, ta sayo mini magani gwiwa ta warke sarai, amma dole in ci gaba da nishin ƙarya. Wane irin tsufa ne wannan?

Jiya ta shigo da murna: "Baba, manaja zai kawo baƙi unguwarmu Maamobi ranar Asabar, su ga dattawan unguwa suna miƙar tare." Na ce, "Uwata, abin sirri ne." Ta ce, "Sirrin da kake yi a bakin teku?"

Tsofaffin bencinmu duk gwiwarsu ta tafi, za su iya ba sai an koya musu ba. Amma ina roƙonsu, abokina mai gyaran rediyo zai kai labarin har unguwar Nima kafin la'asar, sunana ya koma Wash Allah har kabari. In kuma na faɗi gaskiya, aikin yarinyar nan ya tafi, tare da yardar da ta yi mini.

Asabar jibi ce. Me zan yi?