Ƙanƙara Ba Rairayi Ba Ce

Unguwar Safa, Jidda

Yaya Fatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Mu nan lafiya lau, sai wata sabuwa da maigidana Abu Badr ya ɓallo. Kin san mutanen nan haihuwar Jidda, ba su san wani sanyi ba sai na na'urar ɗaki. To an ce dusar ƙanƙara ta sauka a duwatsun Tabuka, can arewa, tafiyar yini guda a mota, shi ke nan gari ya ɗauka. Shi da ƙaninsa Mazen sun lashi takobi sai yara sun taɓa ƙanƙara da hannunsu. Na ce ai ga ta nan a firji. Bai yi dariya ba.

Na tambaye shi ko ya taɓa tuƙi a kanta. Wai shi da ya hau tudun rairayi da mota tun yana saurayi, wani farin abu ba zai ba shi tsoro ba. A wurinsa duk ɗaya ne: ka rage iskar taya, ka taka totur, halas, wato shi ke nan. Wallahi Yaya, cika bakin nan ya ishe ni.

Ya sayo wa yara rigunan sanyi a unguwar Bagdadiyya, masu kauri da santsi. 'Yata Arwa ta sa tata ta koma kamar buhun auduga. Na zaunar da ita a kujerarta ta mota, bel ya ƙi kama jikinta, rigar kawai yake matsewa. Ni dai na yanke shawara: in za mu tashi zan cire musu rigunan, in ɗaure su tsam, in lulluɓe su da bargo. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Sajida

Unguwar Safa, Jidda

Yaya Fatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki karanta wannan ke kaɗai, kada Inna ta ji tukuna.

Mun dawo. Arwa tana da rai, da wannan zan fara. Amma ta karye a hannun hagu, haƙoranta biyu na gaba sun fita, an yi mata ɗinki a haɓa.

Da safe ne, muna gangarowa daga dutsen. Titi yana ta ƙyalli kamar an wanke shi. Na ɗaure yaran yadda na ce, kowa da bargonsa. Ba mu yi nisa ba Abu Badr ya tsaya, ya rage iskar tayoyi yana fito, sannan ya kwance Arwa ya zura mata rigar. Wai Mazen yana binmu a baya da waya, yana son a ɗauki yarinya ta leƙo ta tagar rufin mota tana ɗaga hannu. Na yi magana har muryata ta dushe. Ya ce yalla, wato mu je kawai, ɗan lokaci kaɗan ne, kada in ɓata wa yara rana. Da na ga ba zai ji ba, sai na riƙe ta ta baya da hannu biyu.

A wata kwana motar ta zame. Ya danna birki da ƙarfinsa duka, ita kuwa ta juya da mu kamar faifai, ta je ta daki ƙarfen gefen titi. Yaya, ina riƙe da ita. Na rantse ina riƙe da ita. Da na buɗe ido, rigar ce kawai a hannuna, yarinyar ta sulɓe daga ciki ta faɗa gaban mota. Allah ne ya sa ciki ta faɗa, ba waje ba. Ɗana Badr kuwa, da yake ɗaure a kujerarsa, ko biskit ɗin hannunsa bai yar ba.

Ba zan yi masa ƙarya ba, uban ya yi kuka a asibiti. Na ce to, wanda bai ji bari ba ya ji hoho, ko da yake hohon a kan 'yata ya sauka. Ashe kukan na yini ɗaya ne. Kafin mu iso Jidda, Mazen ya ɗora wa bidiyon kiɗa ya watsa wa dangi. Muka je gaida surukata a unguwar Aziziyya, na tarar ana miƙa waya hannu zuwa hannu ana ƙyaƙyata dariya. Ita Hajiya cewa ta yi maktub, rubutacce ne, haƙoran ma ai na nono ne, za su fito. Ina zaune ina jin Abu Badr yana yi wa maza bayani, wai kuskurensa ɗaya ne: iskar da ya rage ba ta isa ba. Har yanzu a kan rairayi yake tuƙi.

Na ajiye shayin da aka ba ni, na ɗauki 'ya'yana na fita. Ƙyama nake ji, Yaya, ba fushi ba. Fushi yana hucewa.

Taki,
Sajida

Unguwar Safa, Jidda

Yaya Fatu,

Assalamu alaikum. Na ga saƙonki, na gode da addu'a. Yaya jikin Inna? Yanzu kina iya gaya mata, hannun Arwa yana haɗewa.

Kin ce in yi haƙuri, uba uba ne. Na sani. Ni ban hana shi 'yarsa ba, kuma ban taɓa zaginsa a gabanta ba. Amma tun da muka dawo Arwa ba ta sake shiga motarsa ba. Asibiti da makaranta duk a tasi muke zuwa. Shi yana ganin ni nake zuga ta.

Ranar Juma'a ya shigo da wata ƙatuwar 'yar tsana, har da 'yar rigar sanyinta, ya ce zai kai Arwa bakin teku ta sha iska. Ta karɓa, ta bi shi ƙasa ba musu. Har ya waiwayo ya yi mini kallon kin gani ko. Na bi su na tsaya a bakin ƙofa.

Ya buɗe mata ƙofar baya. Da hannunta mai lafiya ta tuɓe wa 'yar tsanar riga, ta zaunar da ita a kujerarta, ta yi ta fama da bel har ya shiga. Ta kira ni in ja mata shi ya matse sosai. Ta cire ɗan mayafinta ta lulluɓe ta. Sannan ta tura ƙofar ta rufe, ta zo ta ɓuya a bayan abayata.

Ya daɗe a tsaye da makulli a hannu. Na nemi tausayinsa a zuciyata, ban samu ba.

Yau mako ya zagayo, 'yar tsanar tana nan a kujerar. Da ita yake zuwa aiki, da ita yake dawowa, a ɗaure tsam cikin mayafin Arwa. Har yanzu bai iya kwance ta ba.

Ki gaida Inna da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Sajida