Ƙofar Tela

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa mai yawa, ke da mai gidanki da angon gida. Tun da aka ce mini na samu jika bakina bai rufu ba. Na buga guduma a yatsa ina dariya. Wanzami ya ce tsufa ne, na ce hassada ce.

Da hannuna na rubuta wannan, makarantar yamma ba ta tafi a banza ba.

Kin san tun da sabuwar hanya ta kauce wa garinmu layinmu ya mutu. To, Tela ya tara mu, ni da Wanzami da Mai Shayi da Maƙeri. Za mu kafa allo a mararraba, mu kira mutanen garuruwan kewaye kowace Asabar, kowa ya miƙa baƙonsa ga maƙwabcinsa. Sharaɗinsa ɗaya: kada a rufe ko ƙofa guda, don baƙo in ya ga shago a kulle sai ya juya. Ni na sassaƙa allon, ni na rubuta shi.

Tela yana ɗinka wa jikana riga. Ki kawo shi a gwada.

Babanki.

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Yaron lafiya, kunnuwanka ya ɗauko.

Baba, kada ranka ya ɓaci. Allo ba zai dawo da hanya ba. Bayanka yana ciwo, kai kaɗai kake kwana tun rasuwar Inna. Mun share maka ɗaki. Ka rufe shagon ka taho, jikanka ya tashi a gabanka.

Ka gaishe da Kawu Tela. Ka ce har yanzu ina riƙe almakashi yadda ya koya mini.

Autarka.

Auta,

Bayan gaisuwa, saƙonki bai iske Tela ba. Ya rasu ana gobe Asabar ɗinmu ta farko, a kan kekensa, zare a bakinsa.

Mun dawo daga binne shi muka tsaya a ƙofarsa, an rasa mai sa kwaɗo. Mai Shayi ya ce, "In muka kulle, shi muka fara saɓa wa." Sai muka raba zama a shagon.

Mutane sun zo, Auta. Motoci har bakin masallaci. Maƙeri ya sayar da abin da ya shekara a rataye. Ina zaune a kujerar Tela wata mata ta shigo da yadi, ta ce an turo ta daga maƙwabta. Na ce mai shagon ya fita. Ta ce za ta jira. A nan na kasa, na yi kuka a gaban baƙuwa.

Ina son ganin jikana fiye da komai. Amma in na taho, ƙofa biyu za a rufe a jere. Mai ginin kuma ya ce in ba mai ɗinki, zai kwashe keken.

Rigar tana ƙarƙashin allura, hannu ɗaya ya rage.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki.

Baba,

Allah ya jiƙan Kawu, ya ba mu haƙuri.

Kada kowa ya taɓa keken. Muna tafe ran Juma'a, ni da yaron. Ni zan ƙarasa hannun rigar. Matar nan mai yadi, in ta dawo, ka ce ta zauna.

Autarka.