Farar da Baffa Ya Tattake

Daren Talata, tara ga Sha'aban.

Kwana ashirin da na sauke Alƙur'ani, yau Baffa Audu ya ce karatuna bai amfane ni ba. Laifina, na zauna da yaran gida muna ƙera fara da karan danga. Bakwai muka yi, kowace da ƙafa shida, na ƙirga.

Ya tattake su, ya ce, "Malam ƙarami, gero na fitar da kai, kana kira mana fara?" Ƙanwata Ladi ta yi ta kuka.

In fara ta zo bana, ni za a nuna. Amma bara ma fara ta cinye gonar Baffa, alhali ba wanda ya ƙera komai.

Ɗaya ta tsira, na gyara mata ƙafa. Da safe zan ba Ladi, a gabansa.