Sunan Gari Ya Hana Ni Jami'a

Assalamu alaikum Kawu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna Hajara da yara, da sanyin Jos. Mu nan Dauran lafiya lau, sai ni da hankalina ya tashi.

Kawu, na ci jarrabawar shiga jami'a, har sun ba ni fannin shari'a. Da na je rajista aka kore ni. A takardar sakandare sunana Sirajo Dauran, don mu uku ne Sirajo a aji, hedimasta ya raba mu da sunan gari. Ni kuwa a fom na rubuta Sirajo Mamman, sunan Baba. Ma'aikacin ya ce mutum biyu ne. Na koma na yi rantsuwa a kotu, kafin takardar ta fito an rufe rajista.

Yanzu Baba ya ce in shiga foli, kwalejin fasaha ta Ƙaura, ranar Litinin, ya gaji. Ni alƙalanci nake so, ga sabbin kotuna ana ta buɗewa. Amma in na sake zaman jarrabawar baɗi, wa ya ce zan sake ci? Wallahi ko tuwo ba ya shiga.

Don Allah ka rubuto wa Baba, maganarka kaɗai yake ji. Shekara guda nake roƙo. Ku sa ni a addu'a, a gaida kowa.

Ɗanka,
Sirajo. Sauran sunan, ka zaɓa mini.