Na'urar da Inno ta Cire

Wurno, ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanena Iliyasu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya a Fatakwal, Allah Ya ƙara tsarewa. Yara lafiya lau, maigidana Lawwali yana Goronyo wajen cirar albasa. Rubutu na yi maka ba waya ba, don in na ji muryarka yanzu zan faɗi abin da ba ya gyaruwa.

Matarka Zakiyya tana kwance a asibiti Sakkwato, yau kwana biyar, kuma bakinka ne ya kai ta. Haihuwa huɗu yarinyar nan ta yi maka, ka mayar da cikinta abin ba'a, kullum buhun gero, buhun gero, har ta je Abuja aka yanke mata fata da kitse. Da ɗinkin ya buɗe, likita ya sa mata soso cikin ciwon, ya liƙe da filasta mai kama da leda, ya haɗa siririn tiyo zuwa 'yar na'ura mai zuƙe ruwan ciwo don nama ya haɗe da wuri. Duk wannan sai a asibiti wata nas ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Kai kuwa ka turo ta gida jinya da takarda cikin Turanci, ka ce wa Inno wai ɗan aiki ne aka yi. Ka ji kunyar faɗa wa mahaifiyarka gaskiya, amma ba ka ji kunyar yi wa uwar 'ya'yanka dariya ba.

To, ga abin da kunyarka ta haifa. Inno ta ga ruwa ja-ja yana taruwa a robar na'urar, ta ce wannan kuma mi ne, abu na shan jinin ɗiyar mutane muna zaune muna kallo. Ka san ta, shekara arba'in tana yi wa matan unguwa wankan jego, ciwon ciki a wurinta maganinsa gashi. Ta dafa ruwa da ganyen darbejiya, ta ɓare filastar, ta zare soson, ta shiga gasa ta safe da yamma. Zakiyya ta san ba daidai ba ne, amma wace suruka za ta riƙe hannun uwar miji? Ta cije leɓe ta bar ta. Rana ta uku da fara gashin na dawo daga biki Marnona, tun daga bakin ƙofa wari ya tare ni, jikinta zafi rau. Ko mayafi ban canza ba muka kama hanya.

Likitoci sun kankare inda ya ruɓe, sun mayar da sabon soso. Sun ce sai zazzaɓin ya sauka za su san ko cutar ta shiga jini. Inno kuwa ta daina cin abinci, tana ta cewa ita ta cuce ta. Ba ta cuci kowa ba. Rashin sani ya fi dare duhu, kai ne ka riƙe fitila ka ɓoye ta. Raina a ɓace yake, Iliyasu, ban taɓa jin haushinka kamar haka ba.

Jiya Zakiyya ta farfaɗo. Ba ruwa ta fara nema ba, ba yaranta ba. Ta kama hannuna ta ce in ɗaga zane in duba mata, wai cikin ya kwanta kuwa, kada ka zo ka ce an yi aikin banza. Na juya kai na yi kuka. Amsar tana wurinka. Ka hau mota ka zo ka ba ta da bakin nan naka, daga nan ka wuce Wurno ka durƙusa gaban Inno ka faɗa mata laifin na wane ne.

Lawwali da Goggo Asabe suna gaishe ka, ɗiyarka Bara'atu na tambayar yaushe babanta zai zo. Ka gaida Lukman abokin zamanka. Allah Ya ba Zakiyya lafiya, Ya shirye ka.

Yayarka,
Kaltume